Eton da Harrow: wace ce ta riƙe amanar wanda ya kafa ta?

Hajiya, kin tambaya ko Eton da Harrow duk abu ɗaya ne tunda kullum tare ake ambatonsu, kuma wace ce ta fi. Daga nesa kamar Hassana da Usaina suke. Dukansu makarantun kwana ne na maza zalla a Ingila, 'yan shekara 13 zuwa 18, kuma kuɗin shekara a kowacce ya haura fam 60,000 tun da gwamnatin Birtaniya ta ɗora wa makarantun kuɗi harajin kashi 20 cikin 100 a Janairun 2025. Amma ba tsatso ɗaya suka fito ba.

Eton ce yaya. Sarki Henry na Shida ya kafa ta a 1440 a bakin kogin Thames, tana fuskantar fadar Windsor, don yara 70 'ya'yan talakawa su ci, su kwana, su yi karatu kyauta, daga nan su wuce King's College ta jami'ar Cambridge da ya kafa bayan shekara guda. Saura ƙiris ta mutu tun tana rarrafe, domin da Edward na Huɗu ya ƙwace sarauta a 1461 sai ya karɓe da yawa daga dukiyar da aka yi mata wakafi. Shi ya sa majami'arta ba ta kai girman da aka tsara ba har yau.

Harrow kuwa ba gidan sarauta ta fito ba. Wani attajirin manomi ne, John Lyon, ya samo takardar izini daga Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a 1572, da niyyar yara 30 na yankinsa su yi karatu ba ko kwabo. Bai ga buɗe ta ba, ya rasu a 1592, ginin kuma sai 1615 aka shiga. A cikin ƙa'idojinsa ya bar wata ƙofa, cewa malami na iya karɓar baƙi daga wasu garuruwa su biya. Ta nan baƙi suka yi ta shigowa har suka fi 'yan gida.

A zaman yau da kullum, Eton na da yara kamar 1,300, kowa da ɗakinsa tun ranar farko, suna zuwa aji cikin baƙar kwat mai jela. Harrow ba ta kai 900 ba, gidajen kwana 12 a kan tudu a arewa maso yammacin Landan, hular kaba ce tambarinsu, ƙanana kuma sukan haɗa ɗaki. Eton ta yaye firayim ministocin Birtaniya 20, Harrow na taƙama da Churchill, Nehru na Indiya da Sarki Hussaini na Jodan. Tun 1805 suke karawa a wasan kurket. Ki lura da wannan kuma: makarantun da ke ɗauke da sunan Harrow a Asiya, waɗanda suka fara daga Bangkok a 1998, daban suke da ta kan tudu. Eton ba ta da reshe a ƙetare.

Kan wace ce ta fi, ni da niyyar mai wakafi nake auna su, kuma abin yana ci mini rai. Eton ta riƙe gurabe 70 ɗin nan, masu su suna kwana a tsohon ginin har gobe. Sai dai jarrabawa ce mai tsanani ke ba da gurbin, wadda yaron da ya fito firamare mai tsada ya fi samun shirinta, kuma cin ta kaɗai ba ya yafe kuɗin makaranta, sai an duba ƙarfin iyaye. Duk da haka ina ba ta rinjaye, don ɗan talaka mai hazaƙa yana da hanyar shiga ainihin gidan da aka gina dominsa. Harrow ma tana ba da tallafi, amma yaran unguwar John Lyon an ware musu wata makarantar jeka-ka-dawo a 1876, aka sa mata sunansa, kuma yau ita ma ta kuɗi ce.