Wane dangin dabino za ka saya in sanyin garinku na daskarar da ruwa?

Dangin dabino da giginya rai ɗaya gare su, kuma yana can tsakar kai, inda sabon tofo ke fitowa. Ganye ya ƙone duka, bishiya na iya farfaɗowa. Zuciyar nan kuwa in ta ruɓe, shi ke nan. Da wannan nake auna kowane iri.

Mafi juriya shi ne Rhapidophyllum hystrix na kudu maso gabashin Amurka, wanda kan tsallake digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Sai dai gajere ne, ga ƙaya kamar allura, ga nawar girma. Mai son doguwar bishiya ya nemi Trachycarpus fortunei ɗan asalin ƙasar Sin. Yana jure wajen digiri 15 ƙasa da sifili, kuma abin da ya sa nake fifita shi, sanyi mai laima ba ya kayar da shi da wuri, shi ya sa ya zauna daram a lambunan Ingila. Iska mai ƙarfi ce kawai ke yayyaga masa ganye.

Maganar laima ba ƙarama ba ce. Washingtonia filifera da dabinon da muka sani 'ya'yan hamada ne. Sukan ɗauki sanyin dare in busasshe ne, amma ruwa ya kwanta musu a ka ya daskare, ruɓewa ta biyo baya. Lambar juriyar sanyi da ke jikin takardar mai sayarwa ba ta gaya maka wannan. Kwakwa kam kada ma ka fara.

Ina matuƙar son Chamaerops humilis na gaɓar Bahar Rum. Juriyarsa ba ta kai ta Rhapidophyllum da Trachycarpus ba, amma yana 'ya'ya daga gindi, ko uwar ta mutu wasu za su taso.

Ka ɗauki wanda ya yi kauri, domin ƙarami da na cikin tukunya su sanyi ke fara ci. Ka ɗan ja tofon tsakiya a hankali kafin ka biya. In ya zare, ko ka ji wari, bar shi.

In kuma naka ne ya zare bayan sanyi, kada ka yi saurin sarewa. Zuba maganin ruɓa mai sinadarin tagulla a ramin, ka kare shi daga ruwan sama, ka bar busassun ganyen har sanyi ya wuce. Wani sai ya yi wata shida kafin ya turo sabon tofo.