Gargaɗi ga masu neman amfilifayar jita: gawa aka aiko mini cikin kwali

Jama'a, musamman masu kaɗa jita a Sakkwato da kewaye, akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp yana tallan amfilifaya da na'urorin sauya sauti, wai tokumbo ne daga Amurka. Ni dai ya riga ya ci nawa, naira dubu 138. Faɗin sunansa ba zai amfane ku da komai ba, domin daga lokacin zuwa yau na ga ya canza suna sau biyu. Hoton ne bai canza ba: baƙar Boss Katana 50 a kan farin tayil, ga ƙafar wata shuɗiyar kujerar roba ta leƙo daga gefe. Duk wanda ya ci karo da wannan hoto, ya riƙe kuɗinsa da kyau.

A Mabera nake, gidan haya, ciki da falo, bango ɗaya ya raba ni da maƙwabcina mai 'yan biyu. Jita kuwa tun ina makaranta na koye ta, irin kiɗan nan na mutanen Agadez da ke shigo mana ta Illela a cikin wayoyi. Shekara da shekaru da wata tsohuwar rediyo nake haɗawa, sautin ya fito a bushe kamar ana kaɗa gwangwani. Abin da raina ke so shi ne ɗan kaushin nan da amsa-kuwwa da ke sa waya ɗaya ta cika ɗaki.

Dole in ɗan yi bayani a nan, don ta wannan ƙofa aka shigo mini. A da, mai son irin wannan sauti sai ya sayi amfilifaya daban, ya tara fedoji na takawa da ƙafa, kowace da aikinta. Yanzu an sa 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa irin ta kwamfuta a cikin na'ura ɗaya, tana kwaikwayon muryoyin manyan amfilifayoyi da na fedojin gaba ɗaya. Tun 1998 kamfanin Line 6 ya fito da POD, wata 'yar ja mai siffar ƙwayar wake, wadda ta yaɗa wannan fasaha a ɗakunan mutane. Katana ta zo a 2016, samfurinta na biyu, MkII, a 2019: wat 50, sifika inci 12, muryoyi biyar da ake zaɓa da maɓalli ɗaya, da ifek, wato salon sauya sauti irin na fedoji, sama da 60. To kusan duk darajar abin tana kan wannan ƙwaƙwalwa. Katako da baƙar ledar da aka lulluɓe shi da ita ba su ne tsadar ba. Ita kuma ƙwaƙwalwar ba ta fitowa a hoto, ba ta fitowa a bidiyo.

Sabuwar Katana 50 a can ƙasar waje kuɗinta ya doshi dala 300, kafin a yi maganar jirgi da kwastan. Dala kuwa ta daɗe da haura naira dubu. Shi wannan bawan Allah dubu 125 ya sa, muka yi ciniki ya sallama a 110. Na sani sarai banza ba ta kai zomo kasuwa, amma na zauna na shirya wa kaina hujjoji: tokumbo ce, wataƙila kuɗi yake nema da gaggawa, wataƙila bai san darajarta ba. Shi kuwa ya san darajata.

Hausa yake yi tiryan-tiryan, da Yallaɓai a farkon kowace magana. Ya ce shagonsa na Legas. Na nemi bidiyo, cikin minti biyar ya turo: hannu yana kaɗa jita, fitilar amfilifaya a kunne, sauti mai daɗi kamar a situdiyo. Sai daga baya da na sake kallo da idon wanda aka cuta na lura cewa hannun bai taɓa maɓalli ko ɗaya ba, kuma akwai wurin da sautin ya ci gaba bayan yatsun sun tsaya. Na ce a yi kiran bidiyo, ya ce kasuwa babu sabis. Lambar asusun da ya turo sunan mace ce. "Na uwargida ne, Yallaɓai, nawa ya samu matsalar BVN." Na tura 110, na ƙara 15 na webil.

Kwana biyu shiru. Rana ta uku wata lamba ta kira, wai direba ne, suna Kontagora, an tare su a shinge an ce kayan lantarki sai an biya, in ba haka ba za a sauke kwalin a bar shi a bakin titi. Dubu 13. A nan ne kowa ke faɗawa, domin wanda ya riga ya zuba 125 ba zai bar ta ta lalace a kan 13 ba. Na tura. Ina lissafa hanya a zuci: Yawuri, Koko, Jega, Tambuwal, gobe war haka tana ɗakina.

Abin da ya bambanta wannan mutum da 'yan damfarar da muka saba ji shi ne, kaya sun iso. Aka kira ni tasha, ga kwali an naɗe shi da salatif kamar mai karaya, na biya yaron mota kuɗin sauke kaya, na ɗora a Keke. Har na tura masa saƙon godiya da addu'a. Wannan saƙo, na ji daga baya, ya ɗauki hotonsa yana nuna wa wasu a matsayin shaidar mai saye daga Sakkwato. Idan an tura muku shi, ni ne, kuma na janye addu'ar.

Da dare aka kawo wuta, na jona. Fitila ta kama. Na kaɗa, sauti ya fito siriri, da wani zuuu a ƙarƙashinsa kamar sauro ya shiga kunne. Na murɗa maɓallin muryoyi daga Clean zuwa Crunch, zuwa Lead, zuwa Brown. Babu abin da ya canza. Na murɗa na amsa-kuwwa har ƙarshe, shiru. Maɓallin rage ƙarfi, wanda a ta gaske yake sauko da ita daga wat 50 zuwa 25 zuwa rabin wat don kaɗawa cikin dare, shi ma ado ne. Na ƙara sauti kaɗai ke aiki. Na ɗauko laftof, na sauke manhajar Boss Tone Studio da direbanta, na haɗa da wayar USB irin ta firinta. Kwamfuta ko ƙyas ba ta ce ba, kamar na soka wayar a bango.

Washegari na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin kusa da tsohuwar kasuwa. Ya juya ta, ya sa tabarau, ya daɗe yana duban bayanta. Ya nuna mini kawunan kusoshin, duk sun sha sukundireba har sun yi fari. Sannan ya ɗora yatsa a kan rubutun da ke kusa da wayar wuta: 117V.

"Ɗana, ga wace wuta ka jona ta jiya?"

Na ce, "Ta gida, Baba. Kai tsaye."

"Kuma ba ta yi hayaƙi ba?"

Bai jira amsa ba, ya kwance. Inda babban fanel ya kamata ya zauna, fili ne, sai ramukan kusoshi da wani baƙin tabo na ƙuna a jikin ƙarfen. A gefe an manna wani ɗan fanel da bai fi akwatin ashana biyu ba, irin wanda ake sa wa sifikar Bluetooth ta masu tallan magani, an riƙe shi da gam na kyandir. Cajar laftof ce ke ba shi wuta, an ɗaure ta da robar taya a cikin akwatin. Wayoyin maɓallan duk an datse su suna lilo, fitilar kuma an ja mata waya tata ita kaɗai don ta riƙa kamawa. Ko sifikar ba tata ba ce, wata tsohuwa ce da aka like yagewarta da gam.

Baba ya cire tabarau ya ce, "Wagga ai gawa ta. Ta Amurka ce, ga wutarmu anka soka ta, taƙ ƙone, sunka kwashe abin da yar rage. Kai anka saida ma likkafani."

Bayaninsa ya zauna daidai. Wutar Amurka 120 ce, tamu 230. Kayan da aka ƙera don can, in ba a bi da su ta na'urar rage wuta ba, wasu ko minti ɗaya ba sa yi. Irin waɗannan ƙonannun ne ake saye a banza, a cusa musu abin da zai yi ƙara, a nemi wanda ke nesa, wanda ba zai iya hawa mota ya yi tafiyar kilomita kusan dubu don rigimar dubu ɗari ba. Mu na Sakkwato mun dace da wannan siffa ƙwarai. Baba bai karɓi ko sisi ba, ya ce abin da aka karɓa ya isa.

Na kira mutumin. Bai musa ba, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi yaransa ne suka yi kuskure suka ɗauko ta gyara, in turo dubu 20 na mota a kawo mini ta gaske, in ba direba wannan. Da na ce a fara kawowa tukuna, sai ya toshe ni. Na je bankina a rana ta biyar da tura kuɗin, aka karɓi ƙorafi aka rubuta, amma kuɗi sun daɗe da barin wancan asusu. Wanda abin ya faɗa wa, ya je banki a ranar, da shaidar tiransifa da hotunan hirar, ya kuma kai rahoto wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Sakkwato. Sannan ya yi hattara da kashi na biyu: bayan na yi cigiya a wani zaure, mutum biyu suka biyo ni ta saƙo wai suna dawo da kuɗin da aka damfara, in biya na aiki. Kanwar ja ce.

Da na ba da labari a wurin masu kiɗa, sai wani ɗalibin jami'a ya ce shi ma ya taɓa. Shi Line 6 HX Stomp, wata na'urar sauya sauti mai tsada, aka nuna masa a kuɗin da bai kai na wayar hannu mai arha ba, wai gwanjon kwastan ne, ya ba da kafin alƙalami, ko kwali bai gani ba. Muka gwada lambobi, na direban Kontagora ɗaya ne.

In har za ka sayi irin wannan kaya daga nesa, kada bidiyon da aka riga aka ɗauka ya ishe ka. Kiran bidiyo za a yi, kai ke ba da umarni: murɗa wancan, koma Lead, kashe amsa-kuwwa, kunna. Kunnenka zai ji canji ko ta waya. A juya bayanta ka karanta lambar siriyal da adadin wutar da aka rubuta, ka dubi kusoshi. In mai sayarwa yana da kwamfuta, ya haɗa ka ga manhajar ta gane ta, Boss Tone Studio ga Katana, Fender Tone ga Mustang, ko manhajar waya ga su Spark da NUX. Wannan gwaji ne gawa ba ta iya ci, don babu ƙwaƙwalwar da za ta amsa. Mafi alheri kuma ka samu ɗan uwa a Legas ya taka ƙafa har Alaba, ko wani a Kano ya leƙa Sabon Gari, ya riƙe abin a hannu kafin kuɗi su fita. Asusun da sunansa ya saɓa da na mai kaya, ko ya ce na mahaifiyarsa ne, bar shi.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba ma wat 50 nake buƙata ba. Girman ne ya ruɗe ni. Me zan yi da sifika inci 12 a ɗakin da tari ma maƙwabci na ji? Da ta gasken ce ta zo, a rabin wat za ta ƙare rayuwarta. Ga batun wuta: a watan Afrilu, zafi ya haura 40, in an kawo wutar fanka da firji ake rububi, ba amfilifaya ba. Mai kaɗawa a gida irina, Fender Mustang LT25 mai wat 25 da sifika inci 8 ta yi masa yawa ma. Akwai Spark GO, wat 5, da batir na caji. Akwai NUX Mighty Plug da ake sokawa a jikin jitar kai tsaye a sa abin ji a kunne.

Ni daga ƙarshe Zoom G1 Four na saya. Ɗan yayata da ke aiki a Legas ne ya je shagon da kansa, ya kira ni ina kallo. "Kawu, in taka wanne?" Na sa shi ya bi muryoyi wajen goma ɗaya bayan ɗaya, mai shago na ta tsaki, sannan na tura kuɗi. Batir huɗu take ci, irin na tocila ƙanana, ko a ba ta wuta ta USB daga fawa-bank. Tana da ganguna a ciki, tana naɗar kiɗa na daƙiƙa 30 ta riƙa maimaitawa ina bi. Ƙarfe ɗaya na dare nake kaɗawa da abin ji a kunne, 'yan biyu na barcinsu. In hunturu ya shigo nakan rufe ta da tsumma saboda ƙura.

Gawar tana nan a kusurwar falo, fanka nake ɗorawa a kai. Shekaranjiya ƙanina ya turo mini wani talla daga wani zauren Birnin Kebbi, yana tambaya ko ita ce. Farin tayil, ƙafar shuɗiyar kujera. An ƙara mata dubu biyar, kuma yanzu mai ita wai soja ne da aka yi wa canjin wurin aiki.