Makullin kariya na bindigar Marlin 336: a cire shi ko a ƙara masa tauri?

Malam, ka tambaya ko ka cire makullin kariya na bindigarka tunda yana rufe kansa ba ka sani ba. Kada ka cire shi. Ƙara masa tauri ka bar shi yana aikinsa. Abin da ya same ka da 336 ɗinka a farautar barewa nan Amurka, ka ja kunama sai "ƙas" ba tashin harsashi, shi ne ƙorafin da yawa daga masu Marlin da aka ƙera daga 1983 zuwa yau, kuma maganinsa bai kai ga fitar da makullin ba.

Wannan ɗan sandan ƙarfen da ya ratsa gangar jikin bindigar daga dama zuwa hagu ba kunama yake riƙewa ba, hama yake tarewa, wato ƙarfen da ke faɗowa in an ja kunama. Ko makullin na rufe, kunama za ta ja, hama za ta faɗo, sai dai ta tsaya a kan sandan kafin ta taɓa allurar da ke bugun harsashi. Shi ya sa ba ka jin wata alama a yatsanka sai aikin gama ya gama. Idan an tura shi daga dama zuwa hagu, jan zobe ya bayyana a ɓangaren hagu, makullin a buɗe yake. Abin da ke riƙe shi a wurinsa ɗan ƙwallon ƙarfe ne da sifirin a bayansa, da ƙaramin sukuru da ke danne su biyun. In sifirin ya yi laushi, gogar riga ko jakar bindiga ko kujerar mota ta isa ta mayar da shi.

Tawa haka na bar ta, kuma ga yadda ake yi. Fara fitar da harsasai duka, ka buɗe liba, wato hannun da ake ja a ɗana bindigar, ka duba cikin ɗakin harbi, inda harsashi ke zama kafin ya tashi, da ido da yatsa, ka kai harsasan wani ɗaki. Kwance dogon sukurun da ke bayan hama, wanda ke riƙe da katakon gindi, da sukurudireba mai baki daidai da tsagar, don wanda bai yi daidai ba zai tauna kan sukurun. Ja katakon baya a miƙe, kada ka murɗa shi, gefunansa sirara ne suna tsagewa. A bayan gangar jikin, wajen hagu, za ka ga ƙaramin sukuru mai rami. Shi ne. Sa alanki, wato ɗan ƙarfen kwance sukuru mai rami, da ya zauna cif, na ma'aunin inci ba na milimita ba. Sau da yawa akwai gam a zarensa. In ya ƙi motsi, ɗora bakin ƙarfen lida mai zafi a kansa na ɗan lokaci, kada ka yi masa ƙarfi. In ramin ya lalace, sai maƙerin bindiga.

Murɗa shi ciki kaɗan-kaɗan, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, kana gwada makullin bayan kowace murɗa. Abin da kake nema shi ne ya ƙi motsi in ka goga shi da tafin hannu, amma ya wuce da "ƙat" in ka danna da babban yatsa da niyya, ko da safar hannu ta sanyi. In ka wuce gona da iri zai kafe gaba ɗaya, sai ka dawo baya kaɗan. Ka samu daidai, ɗiga masa gam ɗin sukuru na Loctite 222, mai ruwan shunayya, wanda aka yi don ƙananan sukurori. Ban da ja, wannan ba ya kwantuwa sai da wuta. In har za ka fitar da sukurun gaba ɗaya don wanke zaren, yi aikin a cikin farar leda, domin ƙwallon bai fi ƙwayar gero girma da yawa ba, in sifirin ya harba shi ƙasa ba ka ƙara ganinsa.

Kafin ka sa mata harsashi na gaske, gwada ba komai a ciki: rufe makulli, ɗana hama, ja kunama, ka ga da idonka hamar ta tsaya da rata tsakaninta da allura. Buɗe makulli, ka ga ta kai ƙarshe. In ɗaya daga cikin biyun bai yi ba, kai ta wurin mai gyara.

Dalilin da ya sa na dage a kan barinsa shi ne lokacin sauke harsashi. Bututun ajiyar harsashi na 336 na ɗaukar harsashi 6, kuma hanyar da kowa ke fitar da su ita ce a yi ta jan liba, kowanne ya shiga ɗakin harbi ya fito, hama a ɗane kowane karo. Wannan kuma da magariba ake yinsa, a gefen mota, hannu ya sandare da sanyi, abokan farauta na tsaye kusa. Da makulli a rufe, ko yatsa ya zame kan kunama, hama ba ta kai ga allura. Haka nan lokacin sauke hama zuwa rabin ɗani, wato inda take tsayawa a rabin hanya ba ta taɓa allura ba, musamman in akwai madubin hange a sama da ya matse wa babban yatsa wuri. A nan hama ke kuɓuce wa mutane. Rufe makulli, sauke hama, sannan ka buɗe in kana so.

Cirewar kuwa, ana sayar da toshiyar da ke maye gurbinsa, bindigar ta fi kyan gani, iyakar abin da zan ce a kanta ke nan. Ka rasa kariyar da na faɗa, ka koma dogaro da rabin ɗani kaɗai, kuma in toshiyar ta juya a raminta za ta iya taɓa hama harsashi ya ƙi tashi, ka dawo inda ka baro. Zoben roba da wasu ke sa wa a kan jan zoben shi ma kashe makullin ne, sai dai ana iya cire shi. Duk wannan bayanin na Marlin ne. Winchester 94 ta samu irin wannan makulli a 1992, aka mayar da shi bayan hama a 2003, kuma hamarta mai komawa baya da kanta ce, ba ta da rabin ɗani, don haka kada mai ita ya bi matakan nan.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayar da na hannu a kasuwannin baje kolin bindigogi. Marlin ta kafin zuwan makulli ta fi tsada, sai wani ya sa toshiya mai kama da kan sukuru ya ce maka tsohuwar ƙira ce. Duba lambar jikinta: a waɗanda aka yi daga 1973 zuwa 2000, cire lambobi biyu na farko daga 100, abin da ya rage shi ne shekarar. Ta fara da 12, to ta 1988 ce, da makulli aka ƙera ta. Wasu kuma sun ɗaure sukurun tam ko sun zuba gam, makullin na nan a ido amma ba ya motsi. Danna shi gaba da baya a gaban mai sayarwa kafin ka fitar da kuɗi, in ya ce kada ka taɓa, ajiye masa kayarsa.