Kwaroron roba a Maradi: wane za a saya, kuma a ina?

Ƙanena da ke lise ne ya sa nike wanga rubutu. Ya zo min da gardamar da suka yi a fada wajen shayi, wai wani ya ce in aka sa kapot (kwaroron roba) biyu lokaci guda ya fi tsaro, kuma duk suka yarda. Raina ya ɓaci wallahi, don biyu gogar juna suke su yage. Mu manya muna ta kunya, yara na koyo daga bakin wanda bai sani ba. Haƙuri har aure shi ne abin da muke fara faɗa musu, ba gardama, amma nan Maradi ana aure da wuri, kuma sida da ciwon sanyi ba su tambayar shekaru.

To ga abin da ke hannu. Akwai Foula na Animas-Sutura, namu na gida, araha ne kuma kusan ko'ina ana samu. Akwai Gold Circle da ke shigowa daga Najeriya ta Jibiya da Dan Issa. Sai irinsu Durex a farmasi, da tsada sosai, kuma tsadar nan taushi da ƙamshi kake biya ba wai ƙarin kariya ba. A CSI, wato likitar gwamnati ta unguwa, kuma wajen tsarin iyali kyauta ne tun 2006, ga ANBEF, ƙungiyar kula da jin daɗin iyali, su ma suna badawa har da bayani, matsalar kawai matashi na tsoron ya haɗu da gwaggonsa a layi.

Ni a ganina sunan kamfani ba shi ne abin dubawa ba, wurin saye ne. Roba ba ta son zafi, kuma kun san watan Afrilu da Mayu yadda garin nan ke wuce digiri 40, to mai tallan magani da ya ɗora tire a kai yana yawo daga babbar kasuwa har tasha rana na dukan kayan tun safe, ko wane kamfani ne ya yi shi ya riga ya gaji kafin ya zo hannunka. Haka wanda aka bari cikin akwatin moto ko aljihun baya wata da watanni. Gara na farmasi ko na likita. Duba ranar ƙarewa a jikin leda, ka ɗan matsa ka ji iska a ciki, in ta lafe ko ta huje ka bar shi.

Na mata ma akwai, ba ko'ina ba, sai an tambaya a CSI. Amfaninsa mace ce ke riƙe da shawara, kuma wanda latex (irin robar da ake yin na maza da ita) ke sa ma ƙaiƙayi zai iya komawa gare shi. Sai dai yana son koyo. Kar a haɗa shi da na maza.

In ana amfani daidai kowane lokaci, na maza na hana ciki kashi 98 cikin 100, amma yadda mutane ke yi da sakaci yana sauka wajen 87. Sakacin kuwa sananne ne: yage leda da haƙori, rashin matse kan don iska ta fita, sawa bayan an riga an fara, maimaita guda. Sai babbar ɓarna, mai. Basilin, man kaɗanya, man gyaɗa, duk suna cinye latex nan da nan, na ruwa da ake saidawa a farmasi kaɗai ya dace.

In ya yage kar a zauna ana jiran Allah ya kiyaye kawai, a je likita da wuri, maganin kariya daga sida sai cikin awa 72 yake aiki, na hana ciki na gaggawa ma gara cikin kwana 3. Na faɗa ma ƙanena in kunya ta hana abokinsa zuwa, ya kira ni in raka shi.