Magani ko zaman tattaunawa? Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan ƙaninta

'Yar uwa, Allah Ya ba ƙaninki lafiya. Kin ce ya daina fita shago, ba barci ba cin abinci, likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani. Ya rubuta masa maganin damuwa mai suna fluoxetine, ya kuma tura shi zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam. A gida kuma kai ya rabu: Baba na tsoron ƙwaya ta kama shi, Yaya na cewa surutu ba ya maganin ciwo. Wanne za a ɗauka?

Idan ciwon ya yi tsanani, duka biyun ake haɗawa, domin aikinsu ba ɗaya ba ne.

Magani jiki yake fara tayarwa. Barci ya daidaita, abinci ya fara shiga, mutum ya iya tashi ya yi wanka ba sai an yi ta lallashi ba. Amma ba ya aiki kamar panadol. Sai an yi mako 2 zuwa 4 kafin a ga alama, wani ma sai mako 6. Abin haushin shi ne illolinsa su ke riga amfaninsa zuwa: tashin zuciya, ciwon kai, wani lokaci raguwar sha'awa. A nan mutane da yawa ke jefar da shi su ce bai karɓe su ba. Amitriptyline, wani maganin damuwar, wanda ya fi araha kuma ya fi yawa a asibitocinmu, yana busar da baki yana sa gyangyaɗi, kuma yana da haɗari sosai idan aka sha fiye da kima. In shi aka ba mara lafiyar da ke maganar mutuwa, wani babba a gida ya riƙe kwalin, ya riƙa ba shi na kullum.

Ki gaya wa Baba waɗannan ba dangin tramadol ko diazepam ba ne. Ba sa bugarwa, jiki ba ya ƙwaɗayinsu. Sai dai ba a yanke su farat ɗaya, a hankali likita ke ragewa. Bayan an ji sauƙi ma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6, don tsayawa da wuri na dawo da ciwon.

Shi kuwa zaman tattaunawa, ba nasiha ba ce, ba kuma "ka yi haƙuri, kowa da tasa" ba. Nau'in da aka fi gwadawa, CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, likitan Amurka Aaron Beck ne ya tsara shi a shekarun 1960. Mara lafiya ya ce, "Na zame wa kowa kaya." Masanin ba zai musa masa ba, zai ce a zo a duba hujja: wa ya faɗa maka haka, me ya faru ranar? Sannan a ba shi aikin gida, misali ya buɗe shago na awa ɗaya, ya rubuta yadda ya ji kafin da bayan. Yawanci mako-mako ake yi, zama 12 zuwa 20. Ba ya tayar da zuciya, kuma abin da mutum ya koya yana nan tare da shi bayan an gama, shi ya sa yake rage dawowar ciwon. Rauninsa kuwa, yana buƙatar ƙarfin da ciwon ya riga ya cinye. Wanda ba ya iya ɗaga kai daga katifa, ina zai iya aikin gida?

Akwai binciken da aka buga a Amurka a 2000 kan mutum 681 masu daɗaɗɗen ciwon damuwa. Waɗanda aka ba magani kaɗai, kashi 48 cikin 100 suka samu sauƙi. Masu tattaunawa kaɗai, su ma 48. Waɗanda aka haɗa wa biyun, kashi 73. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, ita ma haɗin ta sa a gaba ga ciwo mai tsanani.

Gaskiyar wurinmu ita ce maganin ya fi sauƙin samu. Masanan da suka iya CBT ba su da yawa, galibi sai manyan asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri ko Asibitin Malam Aminu Kano. In layi ya yi tsawo, kada a zauna jira. A fara maganin, zaman ya biyo baya. Addu'a da ruƙya ba sa karo da ko ɗaya, muddin ba a ce ya ajiye maganin ba.

Ku sa masa ido sosai a makonnin farko, musamman in bai kai shekara 25 ba, don a wannan lokacin tunanin kashe kai kan iya ƙaruwa. Ku tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta cusa tunanin. Ku kuma sanar da likita in ya taɓa yin kwanaki ba ya jin barci, yana ta surutu da ɓarnar kuɗi, don wannan wani ciwo ne daban mai magani daban. In ya ƙi ci da sha gaba ɗaya, ko ya fara jin muryoyi, ko ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka ba shi.