Wasiƙa daga Winnipeg: injin da aka sa mini da hitar da ta ƙi ɗumi

Assalamu alaikum Yaya. Ya aiki, ya yaran gareji? A gaida Hajiya da kyau, a ce mata sanyi bai cinye ni ba tukuna.

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na yi kusan wata guda ina bin bas bayan na ce maka na sayi mota. Na so in yi maka murya a WhatsApp, sai na ga labarin ya fi ƙarfin minti biyu, kuma na sana'arka ne, gara in zauna in rubuta.

Motar Corolla ce ta 2010, mai injin 1.8, na saye ta hannun wani ta Kijiji, wato shafin da mutanen Kanada ke sayar da kayansu na hannu. Ta yi mini hidima wata bakwai, sai a ƙarshen Oktoba injin ya buga. Da a wajenka ne na san abin da za a yi: a sauke shi, a kai kiranshaf wajen masu gogewa, a sa ring da metal, a mayar. A nan ba mai yi maka wannan. Kuɗin aikin bakanike da awa ake lissafa shi, kuma awa ɗaya ta haura dala 100, ga haraji kashi 12 cikin ɗari a kai a nan Manitoba. Kafin a buɗe inji a rufe, kuɗin ya wuce na motar. Don haka kowa wajen masu ɓare motocin haɗari yake zuwa ya ɗauko wani injin, kamar dai yadda kuke shiga Ƙofar Ruwa neman na Beljiyam. Bambancin shi ne ba a bin rumfa-rumfa. Mutum ɗaya ne a bayan kanta da kwamfuta, ya gaya maka lambar motar da aka ciro injin da kilomitar da ta yi, ya ba ka rasit da garanti na kwana 90. Na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye ba. Ban karanta ƙananan rubutun da ke bayan rasit ɗin ba, wannan kuma laifina ne.

Na karɓi mota a farkon Disamba. Inji lafiya lau, ba hayaƙi ba ƙara. Amma hita ta ƙi.

Na san za ka yi dariya, domin a gida hita ita ce maɓallin da ba wanda ya taɓa murɗawa sai bisa kuskure. A nan idan sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili, numfashinka ne yake hawa gilashin gaba ta ciki ya daskare. Ba maganar jin daɗi ake yi ba, titin ne ba ka gani. Na taɓa tuƙi hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana kankare gilashi da katin banki, ina salati.

Ga yadda take yi. In na tsaya a danja, iska mai sanyi ce ke fitowa. In na taka totur sai ta ɗan yi ɗumi-ɗumi, in na saki ta koma. A bayan dashbod kuma ina jin ƙululu, kamar ana jijjiga buta mai rabin ruwa. Allurar zafi ba ta taɓa kaiwa tsakiya ba, in na hau babban titin da ya zagaye gari ma sai ta ƙara sauka.

Na koma garejin da suka ɗora injin. Mai wurin ya saurare ni da fara'a, ya ce garantin inji na masu sayarwa ne. Masu sayarwa suka ce su gangar injin kawai suka lamunce, ban da tamostat (abin da ke tare ruwa kada ya shiga lagireto sai inji ya ɗumama) da tiyo da famfon ruwa, suka juya rasit suka nuna mini inda aka rubuta. Na dawo gareji, aka ce akwai gurbi bayan kwana tara, kuma dubawa kaɗai kuɗin awa ɗaya ne. Ba wanda ya ɗaga mini murya, ba wanda ya yi mini ƙarya, kuma ba wanda ya buɗe bonet. A ranar na tuna bencin nan na gindin darbejiyarka, inda mai mota zai zauna ya ce ba inda za shi sai an gyara, kai kuma kunya kaɗai ta isa ta sa ka bar abin da kake yi.

Wanda ya fitar da ni wani dattijo ne maƙwabcina, tsohon bakanike da ya yi ritaya, jikan mutanen Yukren da suka cika wannan lardin tun da daɗewa. Yana da gareji mai ɗumi a bayan gidansa. Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki, domin irin naka ne sak: bai ɗauko wata na'ura ba, hannu ya sa. Ya bar injin ya yi minti goma sha biyar, ya kama tiyo biyun nan da suke shiga bango tsakanin inji da ɗakin mota. Ya ce hita ba wani abu ba ne illa ƙaramin lagireto da aka ɓoye a cikin dashbod, ruwan zafi na inji ya ratsa shi, fanka ta hura ɗumin. In tiyo biyun duka sun yi zafi amma iska da sanyi, ruwa na wucewa, matsalar tana ga ƙofar da ke juya iska a ciki. In ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, ko ƙaramin lagireton ya toshe ko iska ta maƙale a ciki. In duka biyun ba su da zafin kirki, injin ne da kansa bai ɗumama ba. Nawa sai ya haɗa biyu: tiyon shiga ɗumi kaɗan, tiyon fita kusan sanyi.

Iskar ita ce ta farko, kuma ya ce bayan sauya inji ita ya kamata a fara zargi. An zubar da ruwan duka, an cire kowane tiyo, in aka zo cikawa da gaggawa sai iska ta taru a wurare masu tudu, famfo kuma ba ya iya tura ta in inji na silo. Shi ya sa nake samun ɗumi sai na taka. Ya ɗaga gaban motar da jak, ya ɗaura wani babban mazurari mai murfi a bakin lagireto, ya cika shi rabi, ya murɗa hita zuwa ƙarshe, muka tsaya muna kallo yana matsa tiyo kamar mai tatsar saniya. Kumfa ta riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya, ruwan mazurarin yana sauka. Kusan lita guda motar ta sha.

Nan gabana ya faɗi, domin na san kumfar da ba ta ƙarewa alama ce ta ƙonewar gaskit, shimfiɗar nan da ke tsakanin top, wato kan inji, da gangarsa, kuma in gaskit ne na shiga uku. Ya ɗauko wata kwalba mai ruwa shuɗi ya kafa a bakin lagireto, yana zuƙo iskar ciki ta ratsa ruwan. In hayaƙin silinda yana shiga ruwa, shuɗin zai koma rawaya. Bai canja ba. Yaya, wannan kwalbar da tana garejinka, da an daina sauke top a kan zato.

Sai ta biyu. Ya soka wata 'yar na'ura ƙarƙashin sitiyari, wayarsa ta nuna lamba P0128, ma'anarta ruwan inji bai kai zafin da ya kamata ba. Ya taɓa babban lagireto tun inji bai gama tashi ba, ya ji har ya fara ɗumi, alhali bai kamata ruwa ya shiga can da wuri haka ba. Muka ciro tamostat ɗin da ya zo da injin, ga shi a buɗe rabi, ya sandare. Wa ya san tsawon lokacin da injin ya yi a ajiye. Sabon an buga 82 a jikinsa, wato sai ruwa ya kai digiri 82 yake fara buɗewa. A ranar na samo shi a shagon kayan mota, ba cinikin minti talatin, ba tambayar ko na asali ne, kuma in bai yi ba ka mayar da rasit su ba ka kuɗinka. Aka sake cikawa, aka sake fitar da iska har fanka ta tashi sau biyu. Da na shiga mota sai da na cire hula.

Akwai abin kunyar da na yi, gara ka ji daga bakina. Lokacin da na ga ruwa na raguwa a 'yar robar gefe, sai na yi irin ta gida, na ɗebo ruwan famfo na ƙara, har sau uku. Dattijon ya leƙa ya ga ƙanƙara na yawo a sama, ya kalle ni bai ce komai ba. Ruwan lagireto mai launin hoda na Toyota da ake sayarwa a Kanada kashi 55 maganin daskarewa ne, yana jure sanyi har digiri 42 ƙasa da sifili. Ni kuma na tsinka shi. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, yana iya tsaga gangar inji. Dole muka zubar da shi duka. Ƙari a kan haka, garejin sun manta ba su mayar da abin ɗumama inji ba, wannan da wayarsa ke leƙowa ta gaban kowace mota a garin nan, ana jona ta a bango da dare. Wannan kam sun amsa laifinsu, sun sa kyauta, bayan kwana taran.

Yanzu ga inda nake son mu yi gardama. Duk motar da ta shigo hannunku daga Kwatano, abu na farko shi ne a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka dairek, a ce wannan kayan ƙasar sanyi ne. Ni ma haka na yarda da shi shekara da shekaru. Amma tamostat mai lafiya ba ya sa mota zafi, in ta yi zafi sosai a buɗe yake gaba ɗaya. In babu shi inji yana daɗewa bai ɗumama ba, musamman da safiyar hunturu ko a hanyar Jos, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu da sanyi ta ci gaba da zuba mai fiye da ƙima. Tun da aka cire tallafi a 2023 ba na jin akwai direban da ke da man zubarwa. Abin da ke sa motocinmu tafasa yawanci lagireto ne da ruwan rijiya ya cika da tsatsa da gishiri, da murfin da robarsa ta mutu. Murfin nan da aka rubuta 1.1 a kansa shi ke riƙe matsi, ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba.

Na san amsarka. Za ka ce a watan Afrilu, a goslon Kano, da lagireto rabi a toshe da mai mota da ba shi da kuɗin sabo, me zan yi? Kuma rabin tamostat ɗin kasuwa jabu ne, in ya maƙale a rufe inji ya ƙone kai za a kama. Wannan gaskiya ne, kuma a nan ba su san wannan damuwar ba. Haka kuma ban ga ko mutum ɗaya ba da zai buɗe lagireto ya soke bututunsa ɗaya-ɗaya ya mayar ya liƙe kamar yaronka na bakin ƙofa. Su dai su cire su jefar su sa sabo.

Akwai wanda zai zo gida kafin azumi, zan ba shi 'yar na'urar nan ta ƙarƙashin sitiyari da mazurarin da tamostat biyu na Corolla. Ka sa ɗaya a motar wani direban da ka yarda da shi, bayan an wanke lagireto, ya riƙa lura da man da yake sha zuwa Kaduna da dawowa. In zai dawo a ba shi kuka da yaji da daddawa. Kada a sa kilishi, kwastan ɗin nan karɓewa suke yi.