Lambun buhun da na saya, da daren da na gwada shi a kan ƙawayena

A status ɗin WhatsApp na wata maƙwabciyata na fara ganin tallar. Wani matashi ne a nan cikin Katsina yake haɗa wa mata abin da ya kira lambun buhu: ya kawo buhuna cike da ƙasa da taki, da dashe da iri, ya jera miki a tsakar gida. Ni kuwa na gaji da aiken yaro kasuwa da yamma ya dawo min da na'ana'a ta yi laushi kamar tsumma, sai na kira shi. Tsakiyar Janairu, hunturu na kaɗawa, ya sauke buhu 6 daga Keke Napep: na'ana'a, ɗaɗɗoya, lawashi, lansir, fasili (wato parsley) da zogale. Kuɗin duka, har da na mai Napep, bai kai na kaji biyu ba.

Na bari sai da bazara ta kankama kafin in ce uffan, don ko icen taɓarya aka dasa a hunturu zai yi kyan gani na mako biyu. Ƙarshen Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40 da rana, na gayyaci ƙawayena shida da muka yi makaranta tare, na ce su zo cin abincin dare, kuma duk ganyen da zai shiga tukunya daga buhunan nan zai fito. Cika baki ne, kuma ban cika shi duka ba.

Lansir ne ya fara ba ni kunya. A hunturu ya yi kyau, sau biyu na yanka na yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Amma tun farkon Maris ya miƙe, ya yi fure, ganyen ya ƙanƙance ya ƙara yaji, shi ke nan. Ganyen sanyi ne, duk mai aikin lambu a Ƙofar Marusa ko bakin dam ɗin Ajiwa ya san haka. Abin da ya ɓata min rai shi ne mai kayan bai faɗa min ba. Da na kira shi sai ya ce, "Ai Hajiya, lansir da ma ba ya bazara." Na ce, "To Malam, ranar da kake karɓar kuɗi ba ka san da haka ba?" Ya yi dariya ya ba ni haƙuri. Fasili kuma sai da ya kwashe kusan mako uku kafin ya tsiro, ya fito siriri, ƙadangaru suka yi walima da rabinsa, rana ta ƙarasa sauran.

Ɗaɗɗoya ce ta fitar da ni. Ita zafin ma daɗinsa take ji, in dai ba ta rasa ruwa ba. Surukata, da ta zo ta ga buhunan, ita ta koya min dabarar da mai kayan ya manta: duk sanda ta fara fitar da kan fure, a sa farce a tsinke shi. Wurin da aka tsinke sai ya fito da reshe biyu. Kafin Afrilu ta cika buhu ta kai min ƙugu.

Da ita na yi farfesun tarwaɗa a daren. Na wanke kifin da ruwan zafi da lemun tsami har yauƙin ya fita, na dafa romon da albasa, attaruhu, citta, masoro, kimba da ɗan kanumfari, na zuba kifin ba tare da na sa ludayi ba, sai dai in girgiza tukunyar don kada ya farfashe. Sai da na kashe wuta sannan na fita da fitilar waya na tsinko ɗaɗɗoya cikin tafin hannu biyu, na ɗauraye, na yayyaga da hannu na watsa, na rufe minti 5. Busasshiyar ɗaɗɗoya da muka saba sayowa a ƙulle a leda, sai an zuba da yawa kafin a ji ta, kuma ƙamshinta na zama can ƙasan romo. Wannan kuwa ina buɗe murfi, wadda ke zaune can ƙarshen tabarma ta ɗago kai ta ce, "Ke ƙawata, me kika sa a ciki?" Na nuna mata buhun da ke bayanta. Ba ta yarda ba sai da ta tsinki ganye ɗaya ta murza ta shinshina.

Na'ana'a ta rayu, amma da jinya. A inda mai kayan ya jera ta, rana na dukanta daga hantsi har la'asar, gefen ganyen ya fara ƙonewa. Na ja buhun zuwa gindin darbejiya, inda take samun ranar safe kaɗai, sai ta farfaɗo ta shiga yaɗo har tana leƙowa ta ɓular gefe. A zoɓo na sa ta, kuma ba a kan wuta ba: da zarar an tafasa ɗanyar na'ana'a ta yi baƙi, ƙamshin ya bi tururi. Na dafa zoɓon da citta da ɓawon abarba, na tace, ya huce, sannan na murje ganyen na jefa. An ɗauke wuta tun azahar, sai ƙanƙarar saye ta cece ni. Saura kuma ta tafi a shayin da muka rufe hira da shi.

Dambun shinkafa ne babban abincin, kuma a nan na yi ha'inci. Zogalen buhu ya yi tsawo, ya wuce mita ɗaya, amma abin da na zage bai cika ƙaramin kwano ba, ina zai ishi dambun mutum bakwai? Na aika gidan maƙwabta aka karyo min rassa daga bishiyarsu. Zogale ba abin buhu ba ne, saiwarsa ƙasa take nema, nawa ma ya riga ya huda gindin buhun ya kama ƙasa. Lawashin dai nawa ne, na yanka shi a turare na biyu tare da dakakkiyar gyaɗa da attaruhu da mai. Shi ba ya da rigima, a yanka a bar ɗan tsawon yatsa, bayan mako biyu ya dawo.

Abin da ba a rubuta a tallar ba shi ne ruwa. A bazara buhu na bushewa fiye da ƙasa, sai an ba shi safe da yamma, kuma buhunan nan kan sha kusan jarka ɗaya ta mai ga-ruwa a rana. Na koma tara ruwan wankin shinkafa da na kayan miya ina ba su, ban da mai sabulu. Su kansu buhunan na shinkafa ne da aka yi amfani da su, rana ta cinye su, biyu sun fara yagewa da an taɓa. Takin kuma bai gama ruɓa ba, ya zo min da ciyawa. A yaba wa mai kayan a kan abu ɗaya: yana ɗaga waya, kuma da na yi ƙorafin fasili ya kawo min dashen ɗaɗɗoya na biyu kyauta.

Wadda za ta saya, ta ce a ba ta ɗaɗɗoya biyu, na'ana'a, da lawashi biyu, ta nemi tsofaffin bokitai ko tukwanen ƙasa a maimakon buhu, lansir kuma ta jira Nuwamba. Ƙawayena sun tashi wajen ƙarfe goma, uku daga cikinsu riƙe da reshen na'ana'a a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ɗaya ta kira ni shekaranjiya, wai nata ya yi saiwa a kofin ruwa, amma akuyar gidansu ta riga ta gano inda ta ajiye shi.